Ina Ka Kai Ihun Hamisu?

Zuwa ga Rabe, abokina tun muna lekwal, wato makarantar boko, wanda yake zaune a Faransa yanzu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ina gaishe ka da sanyi, ina gaishe ka da karatu, ina kuma yi maka barka da fitowar faifai. Mutanen gidanku na unguwar Zariya, nan Maradi, duk lafiya lau. Na ga Alhaji mahaifinka ranar Juma'a yana fitowa daga masallaci, ya amsa gaisuwata ta tagar mota kamar yadda ya saba. Iyakar gaisuwar ke nan, don ba ita ta zaunar da ni rubutu ba.

Na kira ka, ba ka ɗauka ba. Na aika maka saƙon murya, na ga alamar ka saurara, sai ka rubuto mini wai za ka yi mini bayani. Wannan tun kafin ruwan shuka ne. Yau ga gero ya yi bununi, bayanin bai iso ba, alhali ko a kan jaki ka ɗoro shi da yanzu ya wuce Agadas. Shi ya sa na kawo maganar shafina inda kowa zai gani. Ka san ni ba mai son tonon silili ba ne, amma wanda ya ƙi ji ai ba ya ƙi gani ba. Raina ya ɓaci, Rabe, irin ɓacin da bai taɓa yi da kai ba.

Tambayata guda ce. Ina ka kai ihun Hamisu?

Tunda akwai masu karantawa da ba su san mu ba, bari in tuna maka abin da ka riga ka sani, ko ka ji kunyarsu tunda tawa ba ka ji.

Mu uku ne. Kai da jita, ni Lawali mai walda da ganguna, sai marigayi Hamisu na Tsibiri da murya. Sunan ƙungiyarmu Janbaki, sunan tsuntsayen nan masu sauka kan gero su bar manomi da kara. Faifai ɗaya muka yi a rayuwarmu, muka sa masa suna Zangarniya.

Kai ka koya mini wannan kiɗa. Ka tuna ranar da ka ja ni ɗakinka, ka kulle ƙofa, ka rage sauti don kada Hajiyarku ta ji, ka kunna mini abin da ka ce ana kira black metal? Na zaci lasifikarka ce ta fashe, har na ce ka kawo ta shago in duba. Jita tana zuba kamar ruwan sama a kan kwano, ganga tana gudu ba ta tsayawa shan iska, can sama kuma wata siririyar murya tana ihu kamar an taka mai ita a wuya. Ka ce samari ne na ƙasashen ƙanƙara suke kukan sanyinsu da dajinsu. Na yi maka dariya a ranar. Kafin mako ya zagayo ina buga shi da sandunan walda a kan tebur, har abokan aikina suka fara tambaya ko lafiya.

Jita ka iya, ganga na koya, murya ce ta gagare mu. Ka gwada, ka kwana uku kana magana da hannu. Na gwada, maƙwabciyarmu ta aiko a tambaya ko akuya ce ta maƙale a danga.

Hamisu kuwa ɗan kabu-kabu ne kawai a lokacin, mai zuwa Maradi kullum safiya daga Tsibiri, yana ɗauko mini ƙarafa daga kasuwa. Mutum mai sanyin magana, in yana gaishe ka sai ka matso kusa. Shi ya gayyace mu cin tumu a gonar mahaifiyarsa, Inna Habsu. Muna zaune gindin gawo muna murza tumu, sai ga janbaki sun taso daga wajen gulbi, sun yi baƙi a sama, sun nufo gonar. Yaran da ke kan rumfar tsaro suka ja igiyar gwangwanaye, tsuntsayen ko gezau. Sai Hamisu, ƙato da gemunsa, ya tashi ya haye rumfar, ya cika ƙirji, ya saki wani ihu mai tsini da ya ratsa gonar tun daga wannan iyaka har waccan. Tsuntsayen suka tashi gaba ɗaya suka juya. Tumunka ya faɗi ƙasa, ka damƙe mini hannu har sai da farcenka ya bar shaida. Nan take muka san mun samu.

Kai ma kana wurin lokacin da Inna Habsu ta ba mu labarin ihun, don haka kada ka ce ba ka sani ba. A Tsibiri kowane yaro mai tsaron gona da irin nasa ihun, kuma kowace uwa ta san na ɗanta. Gonarsu ba ta da nisa da gari. Tun Hamisu yana ƙarami, ita tana gida tana daka, kunnenta yana gona. In ta jiyo shi ta san bai faɗo daga rumfa ba, maciji bai sare shi ba, barci bai sace shi ba. Yadda ta faɗa mana shi ne: “In ina jin shi, hankalina kwance. In shiru ya yi tsawo, sai in aje taɓarya in tahi.” Ka yi dariya, ka ce za mu sa wannan maganar a bayan faifai. Ba ka sa ba, amma wannan ƙaramin laifi ne a cikin laifuffukanka.

A Jiratawa muka ɗauki faifan, a ɗakin ajiyar albasa na kawuna, bakin garka. Da tsakar rana muke yi, lokacin da masu ban-ruwa suka tafi hutu, sai mu ari janaretonsu. Ɗakin kwano ne, ba taga, ga warin albasa, ga zufa tana shiga ido. Gangunan ni na haɗa su da hannuna, abin takawar da sarƙar moto, wato babur, na yi shi. Makirufo ɗaya muke da shi mai kirki, muka bar wa Hamisu, shi ma sai da muka matsar da shi can kusurwa don kada ihun ya fasa shi.

Ka tuna tsohon nan mai garkar zogale da ya zo ƙofa yana ta'awizi, yana zaton bori muke yi? Hamisu ya fita, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce masa korar tsuntsu ce muke sa wa kiɗa. Da la'asar ta yi, tsohon ne ya tura shi gaba ya ja mu salla. Daga ranar kullum sai ya aiko mana da kankana.

Ka tuna kuma ranar da ka zo da toka da gawayi wai mu shafa a fuska kamar yadda ka ga na can suna yi don su yi kama da gawa? Ni da kai muka shafa, kafin mu kai rabin waƙa zufa ta wanke mu mun koma kamar jakan da suka yi birgima a juji. Hamisu ya ƙi taɓawa. Ya ce: “Ni hwa ba ni shahwa toka da raina.” Yau in na tuna wannan maganar sai dariya ta taso mini, kewarsa ta biyo bayanta.

Ba mu da ƙanƙara, ba mu da dajin Turawa, kuma ba mu taɓa zagin addini ba. Abin da muke da shi muka yi wa waƙa. Hamisu ya yi ihun tsuntsu a kan gero, ya yi ihun rumbu da ya ƙare tun damina ba ta raba ba, ya yi ihun ɗan kasuwar da ke sayen hatsi da arha a kaka ya kulle sai bazara. A wannan ta ƙarshen ya dube ka ya ce kada ka ji haushi, ɗan Alhaji. Ka ce ai shi ya sa za ka fi kowa buga ta da ƙarfi. Na so ka a ranar, wallahi na so ka.

Doka ɗaya ka kafa mana: kada kowa ya ɗauki komai da waya. Kana tsoron wani guntu ya fita, ya zaga ya faɗa hannun Alhaji, ya ji ɗan da yake shirya wa kantuna yana kiɗan mahaukata a ɗakin albasa. Muka ce to, don rufin asirinka. Duk abin da aka ɗauka ya zauna cikin ordinatarka, kwamfutar nan taka, kaɗai. Da na ce ka zuba mini ko waƙa ɗaya in riƙa ji, ka ce ba a ɗanɗana tuwo yana kan wuta, in bari ka gyara tukuna. Sannan Alhaji ya tura ka Faransa karatun kasuwanci, ka tafi da ordinatar a jakarka.

Daminar da ta biyo baya zazzaɓi ya kwantar da Hamisu. Kwanaki kaɗan ya yi, Allah ya karɓi abinsa. Ni na kira ka na faɗa maka bayan mun dawo daga maƙabarta. Ka yi kuka a waya har kati ya ƙare, na sake sawa na kira, na tarar kana yi. Abin da ka ce mini a ranar ban manta ba, ka ce muryarsa sai ta zaga duniya.

Muna da muryar maganarsa. Akwai 'yan saƙonni a wayata, yana cewa ga shi nan tafe, ko tayarsa ta yi faci. Na sha kunna wa Inna su. Takan saurara ta ce Allah ya jiƙansa, amma ba wannan take nema ba. Hamisu ya riga ya gaya mata cewa ihunsa na gona ya shiga faifai, kuma ya yi mata alkawari ita za ta fara ji kafin kowa. Ba ta san mene ne black metal ba, ba ta kuma damu ta sani ba. Ita dai ta san akwai wani wuri a duniya da aka ajiye ihun ɗanta, kuma wata rana za a kawo mata. Duk zuwan da na yi Tsibiri sai ta tambaye ni ko Rabe ya gama gyaran.

Da ka turo cewa Zangarniya ya fito, wani kamfanin faifai na can ya buga shi, na yi murna kamar an yi mini haihuwa. Na sauke shi a waya ban kunna ba. Alkawarin Hamisu ne, na ce ni zan cika masa, ko daƙiƙa ɗaya ba zan riga Inna ji ba. Na aika mata cewa gobe ina tafe. Na ari babbar lasifika wajen masu kiɗan biki, na ɗaure a bayan moto, na kama hanyar Tsibiri bayan azahar.

Na tarar ta share tsakar gida, ta shimfiɗa tabarmi, ta dama fura. Ta kira maƙwabta, har da matan da suka daɗe suna gulmar wai ɗanta ya shiga kiɗan aljannu a Maradi. So take su ji da kunnensu cewa ihun da suka sani ne tun yana yaro, ba wani abu ba. Ta yi kwalliya, Rabe. Ta ɗaura zanen da take zuwa suna da shi.

Na kunna.

Tun bugun farko na san an taɓa mana abu. Jitar da muka sani mai zuba kamar ruwa ta koma ƙasa, ta yi kauri, tana tafiya gutsure-gutsure kamar ana sara itace. Gangar ba tawa ba ce, ta inji ce, ba ta kuskure ba ta gajiya. Na ce a raina ba komai, gyara ke nan, bari muryar ta shigo. Sai muryar ta shigo. Wani gurnani ne daga can cikin ciki, irin na raƙumi in ana ɗora masa kaya. Ko cikin barci aka tashe ni na san maƙoshinka. Kai ne.

Na ce wataƙila waƙar farko ce kawai, ka yi ta don buɗe faifai. Ta biyu ta zo, kai ne. Ta uku, kai ne. Yara suka fara dariya suna kwaikwayonka. Matan suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ta ce ta bar tukunya a wuta, waccan ta ce za ta duba awaki. Na so in kashe, na fasa, don ina ta cewa ai ba zai yiwu ba, dole yana gaba. Inna kuwa ba ta motsa ba. Ta karkata kai, ta juya kunnenta mai ji wajen lasifikar, ta zauna haka har faifan ya ƙare. Da shiru ya sauka ta ɗan jira, sannan ta dube ni ta ce: “To, yaushe Hamisu za shi hwara?”

Kai da ke da bayani, gaya mini abin da ya kamata in ce mata. Ni dai na sunkuya ina naɗe wayar lasifika, na naɗe na warware na sake naɗewa. Ban sha furar ba.

Da na dawo Maradi na nemi hirar da ka yi da masu rubutu kan kiɗa a can, aka fassara mini inda Faransancina ya gaza. Wai Janbaki ta girma. Wai kun tashi daga black metal kun koma death metal domin ya fi nauyi, ya fi dacewa da zafin ƙasarmu. Wai muryar da aka fara ɗauka ɗanya ce, siririya, ba ta cika faifai ba. Ku wa? Kai da wa kuka girma? Ni ba a tambaye ni ba, Hamisu kuwa yana kwance a Tsibiri, ba ya girma ba ya raguwa. Ƙungiyar mutum uku, ɗaya ya mutu, ɗaya ka maye shi da inji, ka tsaya kai kaɗai gaban Turawa kana cewa mu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bangon faifan. Ga hoton Hamisu nan a kan rumfa, hannu a sama, baki a buɗe, hoton da ni na ɗauka da wayarka tun kafin ka kafa mana doka. A ƙasa ka rubuta cewa faifan sadaukarwa ne gare shi. Ka sayar da buɗaɗɗen bakinsa, ka cire abin da ke fitowa daga ciki, ka zuba naka. Duk wanda ya sayi faifan nan a can yana zaton wannan gurnanin na mutumin da ke hoton ne. Hamisu bai taɓa yin gurnani ba a rayuwarsa, ko da mai mota ya watsa masa ruwan kwata.

Kada ka ce ban fahimci kiɗa ba. Ba ni da faɗa da death metal, tare muka riƙa jin sa a ɗakinka, ni ma ina son yadda yake dukan ƙirji. Na kuma san ƙungiyoyi suna canza salo, mai ihu bana ya koma gurnani baɗi, ba wanda ya mutu don haka. Amma masu rai ne suke zama su yarda su canza. Da Hamisu yana nan ka kawo wannan shawara, da mun yi musu a ɗakin albasa har kankana ta ƙare, wataƙila ma ka rinjaye mu. Kai kuwa sai ka jira ƙasa ta rufe masa ido, sannan ka ce muryarsa ba ta cika faifai ba.

Siririya ce, i. Don haka aka yi ta. Ihun gona dole ya yi tsini ya hau sama, in ba haka ba ba zai ƙetare gona ya kai gari ba. Gurnaninka yana da nauyi a cikin ɗaki, amma ka hau rumfa da shi ka gani, ko kunya uku ba zai wuce ba, janbaki za su ci su ƙoshi a gabanka. Waƙoƙin nan a kan wannan ihun aka gina su. Ka cire ginshiƙi ka yi wa bango fenti, kana kiran mutane su zo su ga gida.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: faifan ya yi kyau. Na sake jin sa ni kaɗai a shago, waƙar ɗan kasuwa ta sa tsigar jikina ta tashi, hannunka a jita ya ƙara nuna. Da ya lalace da na samu sauƙi, in ce alhaki ne ya kama ka. Sai ga shi ana yabonka, kuma yabon ba ƙarya ba ne, ni kuma duk yabon da na karanta sai in tuna Inna da zanen sunanta.

Maganar gangunana ka bar ta. Ina da rai, ina da baki, ranar da ka sauka Maradi za mu yi ta ido da ido.

Na daɗe ina juya abin nan, ina walda ina zaginka a zuci, har na ƙona ƙofar wani bawan Allah. Da zafin ya ɗan sauka sai na fara tuna wane ne kai. Kai ne wanda kakarka ta rasu ka shekara ba ka bi ta ƙofar ɗakinta ba, sai ka zagaya ta bayan gareji. Na kuma san yadda ake gyaran faifai, kai ka nuna mini: a sa abin ji a kunne, a maimaita wuri ɗaya, a koma baya, a sake maimaitawa, har sai ya zauna. Sai na hango ka a wani ɗan ɗaki a ƙasar mutane, ba ka ga gawarsa ba, ba ka zauna zaman makoki ba, ba wanda ya zo ya yi maka gaisuwa, ga Hamisu yana ihu a cikin kunnenka safe da yamma. Ina jin ba ka iya ba. Ina jin ka kashe muryar don ka samu ka numfasa, ramin da ta bari ya ba ka tsoro, ka cike shi da taka. Daga baya masu kamfani suka ji suka ce haka suke so, kai kuma ka ƙirƙiro zancen girma don ya fi sauƙin faɗa.

In haka ne, Rabe, ai da ka faɗa mini. Ni ne fa, Lawali, wanda kuka raba burodi ɗaya a bakin lekwal. Da ka ce ba ka iya ba, da na ce ka turo mini abin ɗanye, mu ji shi a nan da warin albasarsa. Ba za ka fi ni kuka ba, sai dai mu yi tare.

Amma ko haka ne, ba kai kaɗai aka yi wa mutuwa ba, kuma abin da ke hannunka ba naka ba ne. Da aka raba gadon Hamisu ina wurin. Moto, da tufafi, da 'yar gonar da ubansa ya bar masa, malam ya ba kowa rabonsa, ban ji an kira sunanka ba, ban ji an kira nawa ba. Aboki ba ya cin gado uwa tana zaune. Ihun nan yana cikin abin da ya bari, mantawa aka yi ba a lissafa shi ba don yana Faransa. Amana ce a wurinka, kuma kai ɗan gidan 'yan kasuwa ne, ka fi ni sanin hukuncin wanda aka ba ajiya ya hana mai ita.

Ba na cewa ka janye faifanka. Ka riƙe shi, ka riƙe death metal ɗinka, Allah ya sa ka ci gaba da shi. Abin da nake nema ƙarami ne. Ka buɗe ordinatar nan, ka ciro muryar Hamisu ita kaɗai, ba jita, ba ganga, ba gyara, ka turo mini. In ba za ka iya saurara ba kada ka saurara, ka runtse ido ka danna. In kuwa ka goge ta, to ka yi ta maza ka faɗa mini, in san irin maganar da zan je in yi wa tsohuwar nan, in daina ce mata ana kan gyara.

Ka san abin da ta ce da na gaya mata muryar da ta ji taka ce? Na zaci za ta yi fushi, na ma so ta yi. Sai ta riƙe haɓa ta ce: “Wayyo, yaron nan sanyin ƙasar ya kama mishi maƙoshi. Ka ce mishi shi sha citta da zuma.” Na isar da saƙo. Ka sha citta da zuma.

Bana ma ta shuka gonar, jikokinta suka taya ta noma. Geron ya yi kyau, ya fara ido, kuma an fara ganin janbaki wajen gulbi. Na je na gyara rumfar, na canza mata ƙafafu, na yi mata wani ɗan ƙarfe da za a ɗaura lasifika, na tanadi batir. Ranar da ka turo, zan hau in ɗaure ta, in juya bakinta wajen gari, in ƙure sauti. Ba a tsakar gida ya kamata ta ji shi ba tun farko, daga gona ta saba jin sa. Sai dai kunnen nata yana ƙara nauyi, bara in na yi sallama daga zaure takan amsa, bana sai na shigo ta gan ni. Gero ba zai jira ka ba, kunnenta ma haka.

Ta daina tambayata ko ka gama gyara. In na zo sai dai ta leƙa bayan moto ta ga ko na ɗauro wani abu, sannan ta gaishe ni. Ranar Lahadin da ta wuce na je ban same ta a gida ba. Turmi yana tsakar gida da hatsi a ciki, ba a gama dakan ba, taɓarya tana jingine da bango. Na bi hanyar gona, na same ta tsaye a ƙarƙashin rumfar da rana tsaka, ita kaɗai, tana duban sama. Ban tambaye ta abin da ya kawo ta ba, kai ma ba ka buƙatar in faɗa maka. Shirun ya yi tsawo, Rabe.

Allah ya jiƙan Hamisu, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa. Allah ya ba Inna Habsu haƙuri, ya bar mata jinta har abin da take jira ya iso. Kai kuma Allah ya tsare ka a ƙasar mutane, ya sassauta maka abin da ke ƙirjinka, ya ba ka ƙarfin buɗe abin da ka rufe, ya dawo mana da kai lafiya in samu wanda zan yi wa faɗa a gabana. Ni ma Allah ya huce mini zuciya, don har yanzu ba ta huce ba. Amin.

Wayata tana kunne, batir ɗin lasifika a cike yake.

Naka, duk da haka,
Lawali mai ganguna,
Maradi.